Baƙo a Ƙofar Banki: Fasfo, Adireshi da Suna a Ma'aunin Amana

Gabatarwa

A shekarar 1997 Tsugio Makimoto da David Manners suka fitar da littafinsu mai suna *Digital Nomad*, inda suka yi hasashen cewa bunƙasar na'urorin sadarwa za ta raba aiki da mazauni, har mutum ya riƙa neman abincinsa daga duk garin da ya sauka. Annobar korona ta gaggauta tabbatuwar wannan hasashe. A shekarar 2020 Barbados da Estoniya suka ƙirƙiro biza ta musamman domin masu yi wa kamfanonin wasu ƙasashe aiki ta intanet, Fotugal kuma ta bi sahu a watan Oktoban 2022. Irin wannan mutum, wanda za a iya kira ma'aikacin tafi-da-gidanka, shi ake nunawa a yau a matsayin shaidar cewa iyakokin ƙasashe sun fara zama tarihi.

Sai dai duk wanda ya sauka wata ƙasa, ɗalibi ne ko likita ko mai aiki ta intanet, yakan tarar da wata iyakar bayan ta filin jirgi, wato ƙofar banki. Idan babu asusun ajiya, da wuya ya karɓi albashi ko ya kama hayar ɗaki ko ya biya inshorar lafiya. Matsayin wannan maƙala shi ne, buɗe asusu a ƙasar waje batu ne na amana da lamuni tun kafin ya zama na fasaha, kuma ma'aunin da bankuna ke auna amanar baƙo da shi ya fi nauyi a kan wanda ya fi ƙarancin haɗari. Abu uku ake ɗorawa a kan wannan ma'auni: fasfo da adireshi da suna.

Tushen tsananin

Adalci ne a fara da hujjar bankuna, domin suna da ita. A shekarar 1989 ƙasashen G7 suka kafa hukumar FATF a birnin Paris domin yaƙi da halasta kuɗin haram, aka kuma ƙara mata yaƙi da ɗaukar nauyin ta'addanci bayan harin 11 ga Satumban 2001. Daga cikin shawarwarinta 40, ta goma ta wajabta wa banki ya san abokin hulɗarsa: wane ne shi, da me zai yi da asusun, sannan ya ci gaba da lura da shige da ficen kuɗinsa. Bankin da ya yi sakaci yana ɗanɗana kuɗarsa. A 2012 HSBC ya biya hukumomin Amurka kimanin dala biliyan 1.9 saboda raunin matakansa. A 2018 aka bankaɗo cewa kusan yuro biliyan 200 sun ratsa reshen Danske Bank na Estoniya tsakanin 2007 da 2015, ta asusun mutanen da ba mazauna ƙasar ba, kuma a 2019 hukumomin Estoniya suka umarci reshen ya rufe.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lissafin banki a nan mai sauƙi ne. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ɗan ƙasar waje ribar da zai kawo ba ta taka kara ta karya ba, alhali tantance takardunsa na cin lokaci da kuɗi, kuskure ɗaya kuma na iya jawo tara mai karya baya. Saboda haka sai bankin ya zaɓi rufe ƙofa ga rukunin mutane baki ɗaya, a maimakon ya auna kowa da halinsa. FATF da kanta ta bayyana tun 2014 cewa wannan kuɗin goro ya saɓa wa manufar shawarwarinta. Amma hukumar da ke cin tarar banki idan ya karɓi mugu ba ta cika cin tararsa idan ya kori nagari ba, shi ya sa jan kunnen bai sauya hali sosai ba.

Fasfo

Abu na farko da ake dubawa shi ne ƙasar da ta ba mutum fasfo. A watan Fabrairun 2023 FATF ta sanya Nijeriya da Afirka ta Kudu cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, ba ta cire su ba sai a watan Oktoban 2025. Hukumar ta sha nanata cewa shiga wannan jeri bai wajabta tsananta bincike a kan kowane ɗan ƙasar ba. Duk da haka, sunan ƙasa na cikin abubuwan da manhajojin bankuna ke ba wa maki wajen ƙiyasta haɗari, kuma zargi ya fi saurin shiga kundi a kan fita. Ma'aikata biyu masu albashi ɗaya a kamfani ɗaya, ɗaya da fasfon Jamus ɗaya da na Nijeriya, ba tambayoyi iri ɗaya za su amsa ba.

Babu mai musun cewa wasu 'yan Nijeriya sun yi abin da ya jawo zargin. Abin tambaya shi ne su wane ne, kuma ta wace ƙofa suka shiga. A watan Maris na 2001 hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ta bayyana cewa kimanin dala biliyan 1.3 sun ratsa asusu 42 masu alaƙa da iyalan Janar Sani Abacha da makusantansa, kuma ta sami bankuna 15 da babban rauni wajen bin ƙa'ida. A 2012 wata kotu a Landan ta yanke wa tsohon gwamnan Jihar Delta, James Ibori, ɗaurin shekara 13, bayan an kwashe shekaru kuɗin suna yawo ta hannun lauya da kamfanonin bogi. Masu irin wannan dukiya ba sa bin layi riƙe da takardar kuɗin wuta. Suna da lauyoyi da akantoci, kuma sashen manyan attajirai na banki ne ke tarbarsu. Shingen da aka gina saboda su, ɗalibin digiri na uku da ke jiran kuɗin tallafinsa shi yake tarewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adireshi

Abu na biyu shi ne shaidar mazauni, kuma a nan ne baƙo ke shiga zagayen da ba shi da ƙofa. Banki na son takardar haya ko ta kuɗin wuta mai ɗauke da sunansa. Mai gidan haya na son ya ga asusun da za a riƙa cire kuɗin haya. Wurin aiki na son lambar asusu kafin ya biya albashin da za a kama hayar da shi. A Jamus akasarin bankuna kan nemi takardar rajistar mazauni daga hukumar gari, wadda ba ta samuwa sai da sa hannun mai gida. A Fotugal sai an fara mallakar lambar haraji. A Birtaniya dokar shige da fice ta 2014 ta haramta wa bankuna buɗe asusun yau da kullum ga wanda hukuma ta ayyana ba shi da izinin zama, ta 2016 kuma ta ɗora musu binciken waɗanda suka riga suka buɗe. Ta haka ma'aikacin banki ya zama rabin jami'in shige da fice.

Ma'aikacin tafi-da-gidanka ya fi kowa shiga tsaka mai wuya a wannan gaɓa, tun da rashin tsayayyen mazauni shi ne asalin rayuwarsa. Tsarin musayar bayanan haraji da ƙungiyar OECD ta fitar a 2014, wanda ƙasashe fiye da 100 ke aiki da shi, ya wajabta wa banki ya tambayi mai asusu ƙasar da yake biyan haraji, domin a riƙa aika mata bayanin ajiyarsa duk shekara. Wanda ya yi wata uku a Lisbon, uku a Tbilisi, uku a Bali, ba shi da amsa mai gamsarwa. Hatta Estoniya, wadda ta fara ba da katin zama na intanet a watan Disamban 2014, ta fayyace cewa katin ba izinin zama ba ne, ba ya kuma lamunce wa kowa asusun banki.

Wanda ya fito daga ƙasar Hausa yana da ƙarin nauyi. Idan aka ce ya kawo shaidar adireshinsa na gida, sau da yawa takardar kuɗin wutar gidan da sunan mahaifi ko kaka take zuwa, wani lokaci ma da sunan wanda ya rasu shekaru da dama. A unguwanni masu yawa kwatance ne adireshi: bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai unguwa. Kwatancen nan ya ishi duk ɗan gari ya kai baƙo har zaure, amma ba shi da gurbi a fom ɗin da aka tsara domin lambar gida da sunan titi.

Suna

Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar manazarta harshe. Fom ɗin banki ya ginu ne a kan zaton cewa kowane mutum yana da sunan kansa da sunan zuriya wanda ba ya sauyawa. Tsarin suna na Bahaushe ba haka yake ba. Akwai sunan yanka, akwai laƙabi ko sunan rana, akwai sunan uba, sannan akwai sunan gari, wanda makarantun boko suka yawaita liƙa wa ɗalibai, kamar yadda ake gani a sunayen Aminu Kano da Shehu Shagari. 'Yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya na iya tashi da sunayen ƙarshe mabambanta. Mutum ɗaya na iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a ta jarrabawa, Muhammad a fasfo, Mamman a bakin jama'a. Da an ƙetara zuwa Nijar rubutun Faransanci ya mai da shi Mahamadou, Usman ya koma Ousmane, Yusufu ya koma Issoufou.

Rubutun kansa yana da nasa cikas. Layuka biyu na ƙasan shafin fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, ba sa ɗaukar komai sai baƙaƙen Ingilishi 26 da lambobi da alamar cike gurbi. Baƙaƙe masu lanƙwasa ba su da wuri, haka ma alamar hamza ta Sa'idu da Rabi'u da Ya'u, wadda wata manhajar kan share ta, wata ta mai da ita tazara, wata ta ƙi karɓar sunan. Ga kuma ranar haihuwa. Mutane da yawa da ba a yi wa rajista ba lokacin da aka haife su sun dogara ne da takardar rantsuwar kotu, kuma 1 ga Janairu ta zama ranar da ake yawan zaɓa.

Illar wannan tana bayyana lokacin da banki ya gwada sunan mai nema da jerin waɗanda aka sanya wa takunkumi, irin wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara da ƙuduri mai lamba 1267 a shekarar 1999. Manhajojin gwajin suna neman kamanceceniya ne, domin kada sauya baƙi ɗaya ya kuɓutar da mai laifi. Suna irin Abubakar Muhammad ko Ibrahim Ali, wanda dubban mutane ke amsawa, yana da saurin tayar da ƙararrawa, kuma abin da zai wanke mai shi shi ne tabbatacciyar ranar haihuwa da daidaiton rubutu a duk takardunsa. Abin da al'ada ta ɗauka yalwar suna, na'ura tana karanta shi a matsayin alamar ɓoye kai.

Yadda zango ya warware matsalar

Tambayar yadda za a amince wa baƙo da dukiya ta girmi bankuna, kuma fataken Hausa sun daɗe da ba ta amsa a kan hanyar Gwanja da sauran zangunan Afirka ta Yamma. Binciken Polly Hill a kasuwar shanu ta Kumasi, wanda aka buga a 1966, da na Abner Cohen a Sabon Ibadan, wanda ya fito a 1969, sun nuna yadda tsarin mai gida yake aiki. Falke ya sauka a gidan mai gida, shi zai ba shi masauki, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Idan aka sayar da shanu bashi ga mahauta, mai gida ne ke tsayawa lamuni. Baƙon ba shi da adireshi a garin, amma yana da wanda zai amsa dominsa, wanda kuma mutuncinsa da sana'arsa za su zube idan aka ci amana. Da ɗan gari akan ci gari.

Ba a kawo wannan domin a ce duniyar da ake tura biliyoyi cikin daƙiƙa za ta koma zaure ba. Tsarin zango ya dogara da sanin ido da ƙaramar al'umma, kuma yana da nasa wariyar ga wanda ba ɗan hannu ba. Darasin da ke cikinsa shi ne ana iya gina amana a kan mai tsayawa, ba lallai sai a kan takardar kuɗin wuta ba. Hasali ma, ɓurɓushin wannan tunani yana nan. Bankunan Nijeriya na neman mutum biyu masu asusu su tsaya wa mai son buɗe asusun yau da kullum, bankunan Birtaniya da dama kuma suna karɓar wasiƙar jami'a a matsayin shaidar adireshin ɗalibi. Jami'a a nan mai gida ce ta zamani.

Manhajojin kuɗi da aron asusu

Akan ce kamfanonin kuɗi na intanet sun kawar da matsalar. Gaskiya ne Wise, wanda aka kafa a 2011, da Revolut na 2015 da ire-irensu sun rage tsadar canji, sun kuma mai da buɗe asusu aikin 'yan mintuna. Amma su ma suna ƙarƙashin dokokin nan, kuma kowannensu yana da jerin ƙasashen da yake karɓar mazaunansu. Bugu da ƙari, da yawa daga irin waɗannan kamfanoni ba su da lasisin banki, don haka kuɗin da ke hannunsu ba ya cikin inshorar ajiya ta yuro 100,000 da Tarayyar Turai ta tanadar wa masu ajiya a banki. Rushewar kamfanin Synapse a Amurka a 2024, wadda ta bar dubban mutane watanni ba sa iya taɓa kuɗinsu, ta nuna cewa bambancin nan ba na takarda ba ne kawai.

Wanda aka rufe wa ƙofa kuwa ba ya daina buƙatar kuɗi. Zai ari asusun ɗan'uwa ko aboki, ko ya bi ta hannun 'yan canji. Aron asusu yana jefa mai bayarwa da mai karɓa cikin haɗari, domin a Birtaniya laifin halasta kuɗin haram na iya kai mutum ɗaurin shekara 14 ƙarƙashin dokar 2002. Ita ma hukuma ta yi asara, tun da kuɗin da take son gani ya koma inda idonta ba ya kaiwa. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya kamata

Gyara na farko yana wuyan ƙasashen da ke karɓar baƙi, kuma akwai abin koyi. Faransa ta amince da haƙƙin mallakar asusu tun 1984: mazaunin da banki ya ƙi zai kai kuka Babban Bankin ƙasar, shi kuma ya ayyana bankin da dole ya buɗe masa. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ba duk mai zama bisa ƙa'ida haƙƙin asusu na asali, har da wanda ba shi da tsayayyen adireshi da mai neman mafaka, ta kuma ba banki kwanakin aiki 10 ya yanke shawara. Ya dace wannan haƙƙi ya bi kowace bizar dogon zama. Ƙasar da ta binciki mutum, ta karɓi kuɗin bizarsa, ta tabbatar da abin da yake samu, ba ta da hujjar barinsa yana yawo da kuɗi a aljihu. Idan ana tsoron haɗari, a ƙayyade abin da zai shiga asusun har a gama tantancewa, kamar tsarin matakai uku da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2013.

Gyara na biyu na gida ne. Muddin sunan mutum a fasfo ya saɓa da na katin ɗan ƙasa da na lambar BVN da na takardun makaranta, za a ci gaba da ba bankin waje dalilin ƙi. A nan sassan nazarin Hausa suna da aikin da babu mai yi sai su: tsara jagora a kan sunayen Hausawa, da sigoginsu na Nijeriya da Nijar, da ƙa'idar rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa da hamza a inda na'ura ba ta karɓarsu, domin amfanin hukumomin rajista da masu tantance sunaye. Ilmin sunaye da ake ɗauka na ɗakin karatu ne yana da tasiri a kan albashin mutane. Haka kuma ya kamata a duba yadda ake karɓar baƙo a bankunan gida, domin ɗan Nijar ko ɗan Chadi da ke kasuwanci a Kano shi ma ana neman takardar izinin zamansa da shaidar adireshi, kuma ba kowa ke da su ba.

Na uku ya shafi malaman jami'a kai-tsaye. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta wa shugaban ƙasa da gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa riƙe asusu a wajen Nijeriya. Dokar Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuwa ta shimfiɗa haramcin a kan jerin jami'an gwamnati da ya haɗa da ma'aikatan jami'o'in gwamnati. Malamin da aka tura ƙaro ilmi Jamus, inda ake neman ɗalibi mai ɗaukar nauyin kansa ya ajiye kuɗin shekara guda a rufaffen asusu kafin a ba shi biza, ko wanda jami'ar Malesiya za ta biya alawus, ba shi da yadda zai rayu ba tare da asusu a can ba. Dokar da aka yi domin ɓarayin baitulmali tana buƙatar fayyataccen togaciya ga mai hutun karatu, tare da sharaɗin bayyana asusun da rufe shi idan ya dawo.

Kammalawa

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya mazauna waje sun aiko gida kusan dala biliyan 20 a shekarar 2023, kuma yankin Afirka kudu da Sahara ne ya fi ko'ina tsadar aika kuɗi, nesa da burin kashi 3 cikin 100 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya zuwa 2030. Kowane wata da baƙo ya yi ba shi da asusu, akwai gidan da ke jira a Katsina ko Maraɗi ko Zangon Kumasi. Bincike wajibi ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a soke shi. Abin nema shi ne a binciki mutum a kan abin da ya aikata da inda kuɗinsa ya fito, a ba shi damar kawo mai tsaya masa, a kuma tanadar masa inda zai kai kuka idan an ƙi shi. Har sai an kai ga haka, 'yancin yin aiki daga ko'ina zai ci gaba da zama gatan masu wasu fasfuna, sauran kuma su tsaya a bakin ƙofa suna bayanin dalilin da ya sa aka rubuta sunansu iri uku.